Ranar da Na Wanke Lakar Teku da Ruwan Kanal

Nura ɗan ƙanena ne ya ja bakina, don da niyyata in tafi da wannan magana kabari. An ɗauke shi aiki a ɗakin gwaji irin wanda na yi ritaya daga cikinsa, sai ya zo da abokansa biyu suka same ni a gindin mangwaron da ke bayan injin casar shinkafa. Na tambaye shi ko gabansa na faɗuwa. Ya tuntsire da dariya ya ce, "Haba Baffa, aikin naku ai simple ne. A wanke ƙasa a rariya, a zauna a inuwa ana tsinta. Ko Inna da ke tsince mana tsakuwa a shinkafa za ta iya."

To madalla. Ku gyara zama, ku kuma ajiye wayoyin nan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina wannan aiki, kullum da fargaba nake shiga ɗakin. Sau ɗaya tak na yi shi hankalina kwance ina 'yar waƙa, kuma a ranar na rusa wa wata baiwar Allah karatun shekara huɗu.

Abin da muke tsinta ba tsakuwa ba ce. A ƙasan teku, cikin laka, Allah Ya zuba wasu halittu da yawancinsu ba su wuce ƙwayar yashi ba. Ba kai, ba ido, ba hanji, ƙwayar halitta ɗaya ce tak, amma kowacce tana gina wa kanta ɓawo ta shige ciki. Masu ilimi foraminifera suke ce musu, ni kuwa 'yan ɓawo na saba kiransu. Wata ta yi nata mai sheƙi kamar gilas, wata fari fat kamar tangaran, wata ta bi yashi ƙwaya-ƙwaya tana liƙawa. Akwai mai naɗi irin na dodon koɗi, akwai mai kama da kitson mata, akwai mai dogon wuya. Cokali ɗaya na lakar wuri mai lafiya, sai ka yi ta ganin iri-iri har ka gaji da ƙirga. In wurin ya lalace, mai ya zuba ko iska ta ƙare a ruwan, iri biyu ko uku ne za su cika maka faranti, sauran sun mutu. Da haka ake sanin halin da ƙasan teku ke ciki, wurin da ba mai iya zuwa ya duba da idonsa. Abin da mai tsinta ya ɗora a kwalin da ake jera su, shi kowa zai yarda da shi, don ba wanda zai koma ya sake dubawa.

Ni ɗan Kura ne gaba da baya, ko a mafarki ban san teku ba. Motar tumatir na bi zuwa Fatakwal ina saurayi, kayan suka ruɓe a hanya, kunya ta hana ni dawowa gida. Na samu aikin shara a wani ɗakin gwaji da ke yi wa masu haƙar mai aiki. Mai kula da wanki wani mutumin Kalaba ne, Oga Basi, gajere, ba ya dariya, Hausarsa irin ta barikin soja. Wata rana ya tarar da ni a bayan ɗaki ina tsince shinkafar da zan dafa. Ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo, sannan ya ce gobe in ajiye tsintsiya. Ka ga Nura, nan kam ka yi gaskiya, idon ɗaya ne da na Inna. Sai dai Inna in ta bar tsakuwa guda, haƙorinka kawai zai ji a jikinsa.

Wata shida Oga Basi bai bar ni na leƙa madubin ƙara girman abu ba. Rariya kawai. Ta tagulla ce, ramukanta sun fi na ƙyallen tatar koko ƙanƙanta. Ka zuba laka, ka saki ruwa siriri, ka riƙa juyawa, ba murzawa da yatsa, don ɓawon fashewa yake yi. Lakar ta wuce, yashi da 'yan ɓawo su zauna. Kana gama kwalba ɗaya sai ka goge rariyar tas, ka tsoma ta a ruwan shuɗi. Duk ɓawon da ya maƙale a rami zai rine, in ya faɗo cikin aiki na gaba ka gan shi shuɗi, ka san baƙo ne, ka cire. Wata ranar Alhamis aiki ya yi yawa, na tsallake tsomawar sau ɗaya. Oga Basi ya ɗaga rariyar ya duba a haske, ya tattara duk abin da na wanke tun safe ya juye a kwandon shara a gabana. Sannan ya ce, "Iro, ɓawo ɗaya na wata rijiyar mai ya shigo wannan, injiniya zai ɗauka bai kai inda ya kai ba. Zai ci gaba da haƙa ya fasa inda iskar gas take. Mutum nawa ne a kan injin nan? Ƙirga min su." Kwana uku ina jiran a zo a ce wata rijiya ta kama da wuta.

Tsintar kanta kuma ga yadda take. Baƙin faranti mai layi-layi, ka barbaɗa yashin a kai shara-shara, ka sa a ƙarƙashin madubi. Burushi a hannunka mai gashi kaɗan, ka jiƙa bakinsa, ka taɓa ɓawo ya manne, ka ɗauke shi ka kai kan kwali mai gida-gida da aka shafa wa ƙaro. Ɗari uku daga kowace kwalba, kuma ba ka zaɓar masu kyau, duk wanda ka tarar a layi shi za ka ɗauka. Ba fanka, ba hira, ba numfashi a kan faranti. Na ga mutumin da atishawa ɗaya ta watsar masa da aikin kwana uku, ya durƙusa yana laluben ƙasa kamar zai same su. Saboda aikin nan na bar goro, ni da na taso a hannun kakata mai sayar da goro, don yana sa hannu rawa. Ku da kuke shan abin nan na gwangwani mai hana barci, ko kwana ɗaya Oga Basi ba zai bar ku ku yi ba.

Sau ɗaya aka tafi da ni cikin jirgin ruwa ɗebo lakar, ban kuma roƙi a sake ba. Kwana tara ba ƙasa, ba bishiya, ruwa baƙi ƙirin ta ko'ina. Na yi amai har sai da na ga ɗaci. Wani ƙarfe mai baki biyu ake zurawa da waya, a yi ta zurawa har ka ce ba ƙasa a wurin, sannan a jawo shi cike da laka mai sanyi ƙarara. A kankare ta saman da cokali a zuba a kwalba, a tsiyaya sifirit mai hana ruɓa da wani jan rini da ke kama jikin waɗanda aka ɗebo da ransu. A rana ta shida wayar ta tsinke, ta yi bulala ta wuce ta gefen kan wani matuƙi, iskarta kaɗai ta cire masa hula. Daga ranar ban ƙara kallon kwalbar laka a matsayin laka ba. Na san mutane sun sa ransu a kanta, kuma in ta ɓaci jirgi ba zai koma dominka ba.

Masu kawo mana aiki kala-kala ne. Masu haƙar mai kullum a gaggauce suke, jiya suke so. Masu binciken wurin da mai ya malala, su kuma kowa da abin da yake so ka gani. Na taɓa yin wanda ya tsaya a bayana yana cewa, "Duba da kyau dai, ai akwai masu rai da yawa." Na ce masa ya fita, ya rufo ƙofa a hankali. Amma waɗanda suka fi ba ni tausayi ɗalibai ne, don su duk rayuwarsu ce a cikin kwalaben.

Bayan rasuwar Oga Basi na dawo Arewa, wata jami'a ta ɗauke ni saboda ba su da mai wannan hannu. Na koma gidanmu na Kura da zama, ina zuwa aiki a babur, ina taɓa noman shinkafa a 'yar gonata da ke bakin kanal. A nan Malama Zulai ta same ni. Ƙaramar malama ce a sashenmu, 'yar Dawakin Kudu, tana neman digirin dakta. Mace mai kunya, amma in tana maganar 'yan ɓawo sai ta manta da kowa. Shekara biyu tana rubuce-rubucen neman gurbi kafin a ba ta kujera ɗaya a wani jirgin bincike. Ta dawo da kwalba sittin, an ɗebo su a jere tun daga bakin babban kogi har can tsakiyar teku. Abin da take so ta gano shi ne inda tasirin kogi ya tsaya a ƙasan teku. Akwai wasu 'yan ɓawo na ruwan daɗi, masu ɗaki ɗaya, kamar ƙaramin tulu, kogi ne ke kwaso su ya zubar. Sai a ƙirga su, a ƙirga na teku iri-iri, a ga yadda waɗancan ke raguwa waɗannan na ƙaruwa. Na san masu kama da tulun nan tun a Kudu, 'yan kogi muke ce musu. A tunanina can ne garinsu, cikin fadamun nan masu duhu.

Ranar da ta damƙa min kwalaben ta ce, "Baba Iro, ga amanata nan. Ba ni da wasu."

Mun wanke kusan rabi sai aka shiga yajin aiki, a tsakiyar bazara. Aka rufe ƙofa, aka yanke wuta, injin rijiyar burtsatse ya tsaya, ko 'yan garuwa ba a bari su shiga. Ni ina da makulli, masu gadi sun san ni, nakan leƙa duk bayan kwana biyu. Ɗakin ya zama tanda. Sai na lura sifirit ɗin wasu kwalabe yana ja baya, murafunsu ba su kama sosai ba. Masu laka mai danƙo kuwa in suka bushe dutse suke zama, wajen fasa su ɓawon zai niƙe. Na kira Malama, ta ce, "Baba, don girman Allah kar ka bari su bushe. Ka yi duk yadda za ka yi."

Doka ce kwalba ba ta fita daga ɗakin gwaji. Na san da haka sarai. Amma na tsaya ina kallon famfo a bushe, sai zuciyata ta ce, kai Iro, kai da ruwa ke wucewa ta bayan gonarka dare da rana? Na bi kwalaben na zaɓo waɗanda suka fi jin jiki, nan ɗaya can biyu, ba a jere ba, guda goma sha huɗu. Na naɗe su da tsumma, na sa a buhun shinkafa, na ɗaure a bayan babur da rariya da ruwan shuɗina.

Ku 'yan nan ne, kun san yadda muke da kanal. A ciki muke wanke tumatir, da babur, da buhu, da ƙafa in an fito daga gona. Ba wanda ya taɓa tambayar ruwan kanal me ke cikinsa. Na kafa rumfa a bakin ƙaramin kanal ɗin gonata, na shimfiɗa leda, na kare iska da zana saboda ƙura. Na wanke hannu. Kowace kwalba na gama sai na goge rariya na tsoma a shuɗi, ban tsallake ko sau ɗaya ba. Na sayi sabon bokiti, ina ɗebo ruwan garai-garai, har kana hango ciyawar ƙasansa. Kwana biyu na gama, na shanya yashin a inuwa, kowanne a ambulan ɗinsa da lambarsa. Wallahi daɗi nake ji, ina ganin na ceci yarinyar mutane. Shekara ashirin da wani abu ruwa yana zuwar min ta famfo mai matata a jikinsa, ban taɓa ɗaukarsa cikin kayan aikin da ake bincika ba.

Na mayar da ambulan ɗin cikin 'yan uwansu. Buhun da kwalaben sha huɗu, babu komai a ciki sai lambobinsu a manne, na tura shi ƙarƙashin teburina. A littafin aiki na bar gurbin ranar wankinsu fari, da nufin in yi mata bayani in an dawo. Da aka dawo na ga Farfesa, mai duba aikinta, ya kori wani ma'aikaci kan ya fita da ma'auni gida. Sai na ja bakina na yi shiru, na ce ai ba abin da ya ɓaci.

Wata biyu ina tsinta tana tantancewa. Wata ranar Talata da hantsi na ji ta ƙwala min kira daga ɗaya teburin, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba Iro! Zo ka gani, zo!"

Na leƙa madubinta. 'Yan tulu ne guda bakwai a jere, ni na tsince su da hannuna.

"Ka san daga ina wannan kwalbar take? Can ciki, Baba, inda ko tsuntsun gaɓa ba ya zuwa. Kuma ga 'yan kogi! Wannan ce kwalba ta biyar daga can da na same su a ciki. Ba wanda ya taɓa rubuta cewa kogin yana kai kaya har can."

Na ce, "Ikon Allah. To su waɗannan, Malama, a babban kogi kaɗai suke rayuwa?"

Ta yi dariya tana gyara mayafi. "Ina! Duk inda ruwan daɗi ya kwanta da ciyawa akwai su. Tafki, kududdufi, gonar shinkafa. Ai ko kanal ɗinku na Kura ka tace, cike yake da su."

Na dafa tebur. Ta ci gaba da magana, ban san me take cewa ba. Na ce mata zan je in yi alwala, ko azahar ba ta yi ba.

Washegari na zo tun kafin masu shara, da ruwan kanal a gorar lemo. Na tace, na sa a madubi, ina addu'ar kar in ga komai. Ga su nan birjik. Masu tulu, masu kama da hula, irinsu ɗaya sak da na kwalinta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, shi kaɗai na iya faɗa.

To ku saurara da kyau, don wankin ba shi ne babban laifina ba. Wanki kuskure ne. A wannan safiyar buhun yana nan ƙarƙashin teburina, kwalba sha huɗu, kowacce da lambarta. Da na jawo shi na ajiye a gabanta, za ta cire sha huɗu ta ci gaba da arba'in da shida. Amma na tuna mutumin da aka kora kan ma'auni. Na tuna saura shekara uku in yi ritaya, ga 'ya'ya mata biyu a makaranta. Na tuna sunana, Iro yaron Oga Basi, wanda ba a taɓa samun baƙo a kwalinsa ba. Tsoro ya rufe min ido. Na jawo buhun, na jiƙa kwalaben, na kankare lambobin da reza ɗaya bayan ɗaya, na zuba takardun a masai, na cusa kwalaben cikin tarin wankakku. Na buɗe littafin aiki na cike gurbin ranakun, na warwatsa su cikin ranakun da muka yi wanki a ɗaki. Kafin ƙarfe takwas na gama, har na share wurin.

Wata bakwai na yi a haka, ban ƙara cin abinci na ji daɗinsa ba. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin gwaji sai gabana ya yanke ya faɗi. In na ga Farfesa da Malama sun tsaya suna magana a baranda, sai in ce shi ke nan, an gano. Na daina bi ta bakin kanal, na riƙa zagayawa ta bayan makarantar allo, har mai ɗakina ta tambaye ni ko akwai wanda na yi faɗa da shi a can. Aikin Malama kuwa sai haske yake yi. Farfesa ya sa ta sake wa kundin digirin suna, aka gina shi kacokan a kan 'yan kogin nan da suka isa tsakiyar teku.

Ranar da ta gabatar da aikin a gaban sashe ina can baya kusa da ƙofa. Wani tsohon malami mai farin gemu ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, kin tabbata ba a wajen wanki suka shiga ba? Irin wannan yana faruwa."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, Baba Iro ne ya wanke su. Na fi yarda da hannunsa a kan nawa."

Aka juyo ana kallona, wasu na tafi. Na yi murmushi. Allah Ya gafarta min, murmushi na yi, har na ɗaga hannu.

Saura mako uku mai jarrabawa ya zo daga waje, ta shigo da takarda da biro. Ta ce saboda tambayar tsohon nan, Farfesa yana so in sa hannu cewa duk kwalba sittin a ɗakin gwaji aka wanke su da tataccen ruwa, za a liƙa a bayan kundin. Na karɓi biron. Na ɗora a kan takardar, sai ga bakinsa yana kaɗawa yana ɗiga tawada. Na riƙe da ɗaya hannun, bai tsaya ba.

Ta ce, "Baba, hannunka rawa yake yi. Ba ka da lafiya ne?"

Ban san lokacin da na ajiye biron ba. Abin da na gani shi ne wannan takarda za ta shiga littafi, littafin ya shiga ɗakin karatu, wasu su zo su ɗora nasu a kai, ina kabari ƙaryar tana ta haihuwa. Wannan tsoron ya danne na korar. Na ce, "Malama, ki zo Kura ranar Asabar, ki taho da ƙaramin madubi. Akwai abin da zan nuna miki, bakina ba zai iya faɗarsa a nan ba."

Ta zo da hantsi, mai gidanta ya kawo ta ya tsaya a mota daga bakin titi. Lokacin an yi dashe, gonaki sun yi kore shar, masu feshi na ta kai da kawowa. Na kai ta inda na kafa rumfar, na miƙa mata rariya da bokiti na ce ta ɗebo da hannunta. Ta dube ni, ta ɗebo, ta tace, ta ɗora madubin a kan dakalin siminti ta durƙusa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Ina tsaye ina jin ƙarar ruwa. A nan na faɗa mata komai game da yajin aiki, da buhu, da wankin kwana biyu.

Da ta ɗago idanunta sun kaɗa sun yi ja, amma ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Guda nawa?"

"Sha huɗu."

Na ga leɓenta na motsi tana lissafi. Sai ta sauke ajiyar zuciya, har ta ɗan yi murmushi. "Alhamdulillahi. Saura arba'in da shida. Babin can ya tafi, ba komai, zan koma kan aikina na farko. Arba'in da shida sun isa, Baba, wallahi sun isa. Ni na ce ka yi duk yadda za ka yi, laifin har da nawa. Kar ka damu." Ta buɗe jaka ta ciro biro da ɗan littafi. "Ba ni lambobinsu."

Na duƙa na shiga goge rariyar.

"Baba Iro, lambobin."

Na ce, "Malama, na kankare su."

Ba ta gane ba, sai da na maimaita, na faɗa mata zancen reza da littafin aiki. Ta ce to biyar na tsakiyar teku an san su, sauran tara fa? Na ce suna cikin na kusa da kogi, inda dama akwai 'yan tulu na gaskiya, ba yadda za a raba na kogi da na Kura. Ta ce in tuna, ko guda ɗaya. Na faɗi lamba biyu, ta tambaye ni ko zan rantse a kansu, na ce ba zan iya ba.

"Yaushe ka kankare?"

"Washegarin ranar da kika kira ni na ga guda bakwai ɗin nan."

Ta zauna daɓas a kan dakalin, ƙafarta ɗaya a cikin ruwa da takalmi, ba ta ma sani ba. Ta ce, "A ranar, kwalaben suna nan a ɗakin? Ina zaune, suna ƙarƙashin teburinka?" Na ce suna nan. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta rufe akwatin madubin a hankali, ta ɗauka da kanta, ta ƙi bari in riƙe mata, ta bi kunyar gona ta tafi wajen mota.

Ranar Litinin ta janye kundin. Ta rubuta wa Farfesa cewa ta gano samfurin ya gurɓata a ƙarƙashin kulawarta, ba ta ambaci sunan kowa ba. Na yi kwana da kwanaki ina jiran a kira ni ofis, ba a kira ni ba. Ta nemi wani jirgin shekara biyu ba ta samu ba, lokacin da aka ɗibar mata ya ƙare. Ni kuwa na cika shekaruna lafiya, aka yi min walimar ritaya da lemo da kaji, Farfesa ya yi jawabi a kan amana.

Watan jiya ta zo nan sayen shinkafa, a injin nan da ke bayanku. Ina zaune a wurin nan. Ta hango ni, ta taho har gabana ta russuna ta ce, "Baba, ina wuni, ya ƙarfin jiki?" Na amsa. Mai injin ya san a jami'a take, ya leƙo yana washe baki ya ce, "Dakta, buhu nawa za a ɗora?"

Ta ce, "A'a Alhaji, ba Dakta ba ce, Malama ce. Biyu za ka sa."